Mako Guda a Gombe: Yadda Ake Tsara Ziyarar Buɗe Ido Daga Gombe Abba Zuwa Tsaunukan Tula

Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Lawanti da niyyar yin mako guda yana yawon buɗe ido a Gombe, idan bai yi shiri ba, kwana biyu sun ishe shi ya ɗauka ya gama ganin gari. Zai ga fadar Sarki da babban masallaci, ya zaga kasuwa, ya ci gasasshen nama da daddare, sannan ya koma masauki yana tambayar ma'aikatan otal ko da sauran abin kallo. Da saura, kuma da yawa, sai dai kusan dukkansu suna wajen birnin, wasu a nisan tafiyar sa'a biyu ko fiye, kuma mafi yawansu ba su da allon da zai nuna wa baƙo cewa ya iso.

Dalilin haka yana cikin tarihi. Masarautar Gombe ta girmi birnin Gombe da fiye da shekara 100. Modibbo Buba Yero ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon jihadin da aka fara a 1804, ya kafa hedikwatarsa a Gombe Abba, a bakin Kogin Gongola. Turawan mulkin mallaka ne suka ɗauke hedikwatar zuwa Nafada a 1913, sannan suka sake ɗauke ta a 1919 zuwa Doma, wurin da ya zama Gombe ta yau. Saboda haka duk abin da ya faru a ƙarni na 19, da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, a wasu wurare ya faru, kuma can ne kaburbura da kufai suke. Birnin da muka sani ɗan kasuwanci ne: auduga da gyaɗa suka raine shi, jirgin ƙasa ya iso shi a 1963, sannan ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Gombe daga Jihar Bauchi.

Wanda ya saba karanta yadda ake shirya ziyara a biranen Turai sai ya sake lale idan ya zo nan. A Sitokholm, babban birnin Suwidin, wanda ke kan tsibirai 14, mai ziyara zai iya cika mako guda da tikitin jirgin ƙasa na cikin gari da ƙafafunsa, domin gidajen tarihi a jere suke, kowanne da lokacin buɗewa a rubuce a ƙofa. A Gombe abu uku ne ke yanke hukunci a kan tafiya: lokacin shekara, motar da aka samu, da mutanen da za a nemi izininsu. Wanda ya daidaita waɗannan tun yana gida ya yi rabin aikin.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar taswirar jihar ita ce a bi Kogin Gongola da ido. Kogin yana tasowa daga tsaunukan Filato, ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Gombe Abba, ya kai Nafada, a nan ya yi kwana ya juya kudu, ya bi ta Dadin Kowa, har ya faɗa Kogin Binuwai a Numan ta Jihar Adamawa. Wato ya kewaye arewacin jihar kamar baka, birnin Gombe yana tsakiya. Wuraren tarihin masarauta duk a kan wannan bakan suke. Kudancin jihar kuwa ƙasar duwatsu ce, ta Tangale da Tula da Waja da Cham da Dadiya, mai nata tarihin da harsunanta. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a mai da birnin sansani, a riƙa fita da sassafe ana dawowa kafin magariba, sai a ɓangaren kudu da ya kamata a kwana.

Batun lokaci ba ya buƙatar dogon bayani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ya fi, domin ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye sun bushe, kuma sanyin hunturu yana sa hawan dutse ya yi sauƙi. Illarsa ɗaya ita ce hazo, wanda kan rufe nesa, ya hana ganin kwari daga kan tsauni, wani lokaci ma ya sa a ɗage tashin jirgi. Maris da Afrilu watannin bazara ne, zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma babu hikima a kai tsoho ko yaro filin Bormi da tsakar rana a irin wannan lokaci. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ƙasar Tula takan yi kore shar, kyanta ya fito sosai, amma ƙananan hanyoyi kan yanke. Wanda ke son ganin hawan Sallah sai ya daidaita tafiyarsa da kalandar Musulunci, ya kuma kama ɗaki da wuri.

Kuɗin mota ne zai fi cin aljihu, ya fi na masauki da na abinci. Motocin haya na zuwa Dukku da Bajoga da Kaltungo kullum, kuma a cikin gari Keke Napep ya wadatar, amma daga bakin titi zuwa ainihin wuraren da ake son gani sai da motar da ke jiran mutum. Ya fi kyau a ɗauki shatar mota mai ɗan tsayi daga ƙasa, tare da direba ɗan jihar, a yi ciniki na mako gaba ɗaya, a kuma fayyace tun farko wanda zai sayi mai. Direban da ke jin Fulatanci riba ce a arewa. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin masu POS kan yi ƙaranci da zarar an bar manyan garuruwa, kuma sabis ɗin waya ba ko'ina yake ba.

Abu na uku shi ne wanda baƙi suka fi yi wa sakaci. Kabarin Buba Yero da filin Bormi da kogunan dutse na Tula duk suna hannun al'ummar da ke zaune kusa da su, kuma ba a shiga garin mutane a wuce kai tsaye zuwa kabarin kakanninsu. Al'ada ita ce a fara da gaisuwa a fadar hakimi ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, shi kuma ya haɗa baƙo da wanda zai yi masa jagora. Wannan jagoran shi ne gidan tarihin, domin abin da ba a rubuta a allo ba yana cikin kansa, don haka a ware masa alheri cikin kasafin tafiya. Ɗalibai da 'yan jarida da masu ɗaukar bidiyo su nemi takarda daga ma'aikatar jihar mai kula da al'adu da yawon buɗe ido, ko daga majalisar masarauta, makonni kafin ranar tafiya. A kuma lura da ranaku: Juma'a da rana ba lokacin neman hakimi ba ne a arewa, kamar yadda safiyar Lahadi take a Billiri da Kaltungo.

Ranar farko ta birnin ce, kuma ta isa. Fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na III, wanda ya hau gadon sarauta a 2014, ita ce mafari, daga nan a ratsa tsofaffin unguwanni irin su Ajiya da Herwagana da Kumbiya-Kumbiya. A ganina, wurin da ya fi bayyana halin garin shi ne kasuwar Tudun Hatsi, inda ake loda masara da wake da dawa a manyan motoci zuwa sassan ƙasar nan. Wanda ya tsaya minti 30 yana kallon 'yan dako da dillalai zai gane abin da ya sa mutane daga ko'ina suka yi ta tururuwa zuwa garin. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ma ta cancanci a leƙa ta, ko da don a ga inda arzikin auduga ya bi.

Kashegari sai a kama hanyar Dukku da sassafe. Gombe Abba tana gaba da Dukku, a bakin kogi, kuma wanda ya je da tsammanin ganin babban birni zai yi mamaki, domin yau ƙaramin gari ne mai shiru. A nan kabarin Buba Yero yake, wanda ya rasu a 1841, kuma daga nan zuriyarsa suka yi mulki har Turawa suka iso a 1902, zamanin Sarki Umaru ɗan Kwairanga. Wurin ziyara ne mai alfarma ga jama'ar masarautar, saboda haka a sa tufafin mutunci, a cire takalmi inda aka ce a cire, kada kuma a ɗaga kyamara sai an tambaya. Bayan ziyara a sauka bakin Gongola a duba yadda garin ya zauna. Mutum zai fahimci abin da ya ja makiyaya da mayaƙa zuwa wurin, da kuma abin da ya sa Turawa, masu lissafin hanya da haraji, suka ga ya yi musu gefe.

Rana ta uku ita ce zuciyar tafiyar, kuma idan mutum kwana ɗaya kawai gare shi a jihar, nan zan ce ya je. Bormi tana Ƙaramar Hukumar Funakaye, kusa da Bajoga, ana bi ta Malam Sidi daga Gombe. Mai neman sunan a littattafai ya sani cewa ana rubuta shi iri uku, Bormi da Burmi da Mbormi, kuma duk wuri ɗaya ake nufi. Littattafan Turanci sun fi amfani da na biyun.

Tun kafin zuwan Turawa garin ya yi suna. Malam Jibrilla Gaini, mai bin aƙidar Mahadiyya, ya mai da shi sansaninsa a shekarun 1880, ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru, har sai da Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na I ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara, ya zaɓi hijira zuwa gabas da nufin isa Makka. Jama'a suka yi ta barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa, har abin ya tayar wa Lugga da hankali, domin hijirar ta zama kamar ƙuri'ar ƙin amincewa da sabon mulki. Cikin waɗanda suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda Turawa ke nema ruwa a jallo saboda kisan Kyaftin Moloney a 1902. A watan Mayu dakarun Turawa suka kai hari Bormi, mutanen garin suka kore su. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli, 1903, aka wuni ana gwabzawa, aka kashe Sarkin Musulmi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Kwamandan Turawan, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Shuɗin Nilu, kuma zuriyarsu na can har yau.

Abin da mai ziyara zai tarar a wurin fili ne da gonaki da kaburbura, ciki har da na Sarkin Musulmi da na Manjo Marsh, ba su da nisa da juna. Wanda bai karanta labarin ba kafin ya zo zai iya tsayawa minti goma ya ce a tafi. Shi ya sa nake ganin karatun dare ɗaya kafin wannan rana ya fi duk wani guzuri. A nan ne kuma kwatancen Sitokholm yake da ciwo. Gidan tarihin da ya fi jan baƙi a can an gina shi ne a kan abin kunya: jirgin ruwan yaƙi mai suna Vasa, wanda ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1628, aka tsamo shi a 1961 aka yi masa gini na musamman. Mu kuwa filin da aka rufe babin Daular Usmaniyya da jini, wanda ya haɗa tarihin Sakkwato da na Sudan, har yanzu ƙwaƙwalwar dattawan ƙauye ce babban ma'ajinsa, kuma dattawa ba sa dawwama.

Idan da sauran rana, kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979, yana kusa, sai dai ba a shiga sai da izini. Nafada tana gaba, a daidai inda kogin ya yi kwana. Wannan yanki ya sha hare-haren Boko Haram a ƙarshen 2014, kuma ko da yake an daɗe da samun sauƙi, ƙa'idar tafiya a arewa maso gabas ba ta sauya ba: a tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki a safiyar tafiya, a riƙe katin shaida saboda shingayen bincike, kada kuma dare ya riski mutum a daji.

Bayan kwana biyu na doguwar hanya, jiki zai so sauƙi, kuma Dadin Kowa ce maganin. Tana kan hanyar Biu, ƙasa da kilomita 40 daga Gombe, ana wucewa ta Kwadon mai kasuwar kayan miya. Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwan a kan Gongola a shekarun 1980, kuma daga nan birnin Gombe ke shan ruwa. Tashar lantarkinta mai megawat 40 ta yi shekaru da dama tana jira kafin a kammala ta. Akwai gonakin rani da masunta da Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu. A ci kifi, amma a bar wanka: ruwan da ke kwance a irin wannan wuri yana iya ɗauke da tsargiya, kuma akwai dorina a kogin, wadda manoman yankin suka daɗe suna kuka da ita. Ba a shiga kwalekwale babu rigar kariya, kome gardamar mai tuƙi. Daga yankin ana hango Dutsen Bima, wanda mutanen ƙarni na 19 suka danganta da bayyanar Mahadi, abin da ya sa masu hijira da yawa suka nufo wannan kusurwa. Masana duwatsu ma sun ara sunansa suka raɗa wa wani nau'in dutsen yashi da ya mamaye yankin Binuwai ta sama.

Kwana biyu na gaba na kudu ne. Hanyar Yola tana bi ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, kuma tun daga nesa ƙasa take fara sauya kama, duwatsu masu tsini suna fitowa daga fili, ciki har da Dutsen Kilang. Nan ƙasar Mai Tangale ce da Mai Kaltungo da Mai Tula, kuma Kiristanci ya yi ƙarfi tun zuwan 'yan mishan na SIM Kaltungo a 1917. Daga Kaltungo ake hawa zuwa Tula, mai sassa uku, Wange da Yiri da Baule. Hanyar tana da lanƙwasa da gangara, a duba birki kafin a hau. Abin da ya fi burge ni a can bai ma kai ga kogunan dutsen da mutane ke ɓuya a ciki lokacin yaƙi ba, ko kurkukun da Turawa suka gina sa'ad da Tula ke hedikwatar yankin Tangale-Waja; gonakin ne, waɗanda aka jera wa duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Aiki ne na zuriya bayan zuriya, kuma wanda ya ga yadda zaizaya ke cin unguwannin birnin Gombe zai tsaya ya yi tunani.

Gargaɗi ɗaya ba na wasa ba ne. Yankin Kaltungo yana cikin wuraren da saran maciji ya fi yawa a Najeriya, musamman na kububuwa, wadda ke lafewa a ƙarƙashin duwatsu da ciyawa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Saran ya fi yawa lokacin shuka da girbi. A sa takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando, kada a cusa hannu a ramin dutse, a riƙe tocila da dare. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. A hana ƙafar motsi a garzaya asibiti. A Kaltungo akwai asibiti na musamman na masu saran maciji, wanda ake kawo wa majinyata daga jihohin maƙwabta, kuma ya kamata direba ya san hanyarsa tun kafin a fara hawan dutse.

Saura rana ta bakwai, kuma a nan ra'ayi kan rabu. Da yawa za su so su ƙarasa da Gandun Dajin Yankari, wanda ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma ruwan ɗumi na Wikki yana nan a kan digiri 31 rani da damina. Daga Gombe ana bin hanyar Bauchi, a karkata a Dindima. Amma zuwa da dawowa a yini ɗaya wahala ce, kuma giwaye da sassafe ko da yamma ake sa ran gani, galibi da rani. Mai son Yankari ya rage kwana ɗaya daga kudu ya kwana a can, bayan ya tabbatar da ɗaki da halin tsaron yankin ta waya. Wanda kuwa jirgi zai bi ya koma, gara ya bar ranar ƙarshe a sake a cikin gari, ya sayi tsaraba, ya tuntuɓi kamfanin jirgin tun da safe, domin jiragen Gombe ba su da yawa, kuma idan hazo ya sa an soke na ranar, sai dai a jira na gaba ko a kama hanyar Bauchi da Jos zuwa Abuja a mota.